Gawar Baba Wante

Kaltumi mai man gyaɗa ce a unguwar Hausare ta birnin Garwa. Fatauci ne ya kawo kakanninta daga ƙasar Kano tun ba a san Faransa ba, suka iso bakin Binuwai, suka sauke kaya, ba su sake ɗauka ba. Ita a nan aka haife ta, a nan ta yi aure, a nan mijinta Alhaji Mahmudu ya rasu ya bar ta da yara a gidan da ƙaninsa Malam Hassan yake tsare da zaure. Fulatanci a bakinta kamar Hausa yake, Faransanci kuwa sai na gaisuwa.

Gyaɗar da take matsa daga Poli take zuwa, kuma mace ɗaya ce mai kawo mata, Albertine, 'yar mutanen dutse, Kirista. Ciniki ne ya haɗa su, shekaru suka mai da shi zumunci. In Albertine ta sauka tasha da buhunanta, ɗakin Kaltumi take kwana, akushi ɗaya suke sa hannu. Adda Albertine take kiran Kaltumi, kamar yadda ake kiran yaya mace a garin. Shi ya sa da ƙafar mahaifin Albertine, Baba Wante, ta kumbura aka kawo shi asibiti a Garwa, ba a tsaya shawara ba, aka share masa ɗakin da ke jikin zaure. Tsoho ne siriri, mai fara'a, Hausarsa ba ta wuce sannu da na gode ba, kuma kome ka ce masa sai ya maimaita yana murmushi. Ya yi 'yan makonni a gidan, ƙafa ta saki, ya koma dutsensu yana ɗingishi.

Wannan duk a zamanin shugaban ƙasa Ahijo ne, lokacin da ake matsa wa mutanen duwatsu su sa riga su sauko kasuwa, masu unguwanninsu kuma suna ta canja suna suna ɗaura rawani.

Damina ta ja baya, ana haramar cirar gyaɗa, sai ga Abakar, direban babbar motar da ke zuwa Poli, ya yi sallama a ƙofar gida. Ya ce tsoho ya rasu shekaranjiya, Albertine ta ce a gaya wa Adda, kuma in ta yi sauri za ta tarar ba a rufe shi ba. Kaltumi ta yi salati, ta yi kuka, amma maganar ƙarshe ba ta ɗauke ta da gaske ba. A ranta cewa ta yi Abakar ne bai ji saƙo daidai ba. Mutuwar shekaranjiya, yau ai sai zaman makoki. Ta sayi farin yadi da sukari da goro, ta nemi izinin Malam Hassan. Ya yi ta jan carbi kafin ya ce ta je, amma ta kula da abin da za ta sa a bakinta.

Abakar ya ba ta gaban mota, ita da wani malamin makaranta mai suna Hubert, mutumin Tignère, da zai koma bakin aiki. Da suka bar kwalta suka kama hanyar Poli, mota na faɗawa rami tana fita, sai ta sake tambayar Abakar, ya kuwa sake ce mata ba a rufe ba, haka suke yi. Ta tambayi dalili. Abakar ya ce shi ya yi tuƙi daga Bogo har Tignère, ya ga jinsi iri-iri, kuma abin da ya gane shi ne ruwa. Ruwan da mutum ya sha ya girma shi ne halinsa: mai shan ruwan kogi zuciyarsa na tafiya, ba ya riƙe abu, mai shan ruwan dutse kuwa taurin kai gare shi, ko gawa ba ya son saki. Hubert ya yi dariya ya ce ruwa ba ruwansa. Shi a ganinsa mutanen da aka kora bisa dutse da dawakai a zamanin da, aka raba su da gona da 'ya'ya, ba abin da ya rage musu sai matattunsu, dole su ƙanƙame su. Suka yi ta ja, kowa na kawo misali da mutanen da ya sani. Kaltumi ba ta sa baki ba, don ita tana da tata amsa tun daga gida. Addini ne. Wanda ya sani ya sani, wanda bai sani ba Allah ya shirye shi.

A Poli ta kwana gidan wata Bahaushiya mai tuwo. Da safe ta bi wasu mata da za su ƙauyen, suka kama hawa ta cikin dawa da ta fi mutum tsawo. Tun daga nesa ta fara jin ganga da sarewa. Ta tambayi matan ko ana biki a hanya, suka ce ai gidan da za ta ke nan.

Abin da ta tarar ya tsayar da ita a bakin shinge da ƙullin kaya a ka. Fili ya cika da mutane. Tulunan bilbil, giyar dawa, a jere ƙarƙashin bishiya, ana ɗiba da ƙwarya. An yanka shanu, irin nasu ƙanana marasa tozo, an shanya fatunsu da jini bai bushe ba, ƙuda ya yi baƙi a kai. Can gefe mata a zazzaune suna dukan ƙwarya suna kuka da wata murya mai tsinka zuciya. A tsakiya kuwa, ƙarƙashin rumfar kara, ga wani ƙunshi an naɗe shi da zannuwa har zuwa rabi. Iska ta kaɗo, wari ya dake ta, sai a lokacin ta gane Baba Wante ne.

Ba ta gama farfaɗowa daga wannan ba sai wasu tsofaffi suka fito daga bayan rumbu, sun ɗaura ganye a ƙugu, sun shafa toka a fuska. Ɗaya ya naɗe ƙafarsa da tsumma tulu guda, yana ɗingishi, ɗingishin Baba Wante sak, har da yadda yake karkata kai. Ya zagaya gawar, ya sunkuya ya daka mata tsawa a kunne, ya toshe hanci, ya faɗi ƙasa yana shure-shure. Fili ya ɗauka da dariya. Wani ya miƙa wa gawar ƙwaryar giya, da ba ta karɓa ba ya zage ta ya shanye.

Kaltumi ta sauke ƙullin kayanta. Inna lillahi kawai take maimaitawa. Tsohon da ya zauna a zaurensu, yana raba wa yaranta ɗanyar gyaɗa, shi ake wa wannan wulaƙanci, a gidansa, gaban 'ya'yansa, ba mai ɗaga hannu.

Albertine ta hango ta ta taso. An aske mata kai, idanunta sun kumbura, muryarta ta dishe. Ta faɗa jikin Kaltumi tana kuka, Kaltumi ta riƙe ta. Suna a haka mai ɗingishin ya sake faɗin wani abu, sai Kaltumi ta ji kafaɗar Albertine na rawa wani iri. Ta ɗago ta, ta ga dariya take yi, hawaye na zuba.

Kaltumi ta sake ta. "Albertine, ubanki ne fa."

Albertine ta share ido ta ce waɗannan abokan kaciyarsa ne, wuƙa ɗaya ta yanke su rana ɗaya tun suna samari, aikinsu ne su yi masa haka. In ba su yi ba za a ce bai da kowa. Kaltumi ta tuna wasan jikoki da ake yi a Hausare in kaka ta mutu da tsufa, amma nan da nan ta kori tunanin. Can ai sai an rufe, sai an yi sadaka, kuma ba a kan gawa ba.

Aka shimfiɗa mata tabarma a inuwar rumbu, nesa da tuluna, aka kawo mata ruwa a sabuwar ƙwarya. A nan Albertine ta gaya mata cewa ba al'ada kaɗai ta hana rufewa ba, rigima ce. Su uku ne wurin ubansu. Babban, Sumbo, wancan mai faɗin kafaɗa da ke tsugune kusa da fatu, bai taɓa barin dutse ba, kuma shi yake so a naɗe tsoho cikin fatun shanunsa kamar yadda aka yi wa kakanni. Ita ta so a sa shi a akwati a kafa gicciye, har mai wa'azinsu ya zo ya yi addu'a, amma da ta ga idon Sumbo ta haƙura. Na ukun shi ne ƙaramin, Zacharie, wanda ya zama Zakari, ya musulunta, yana aikin masinja a wani ofishin gwamnati a Poli. Shi ya rantse ba za a binne ubansa kamar kayan kasuwa ba, ya sauka gari neman hukuma, ya ce kada a kuskura a ƙarasa naɗi kafin ya dawo.

Rana ta take tsaka sai ganga ta yanke. Zakari ne ya shigo, da farar riga da hula, bayansa wakilin lamiɗo, sarkin yankin, da rawani, da wani limami, da jandarma ɗaya mai bindiga a kafaɗa yana share gumi. Maza suka miƙe. Kaltumi ta lura wasu samari sun zame bayan ɗakuna sun dawo suna riƙe da baka.

Wakili ya zauna kan kujerar da aka ɗauko masa, ya yi magana da Fulatanci, wani yana juya wa mutane. Ya ce ƙara ta iso cewa mamacin nan ya yi kalmar shahada kafin ya mutu. In haka ne, gawar Musulmi ce, za a kwance ta a wanke a yi mata salla yanzu, wanda ya hana kuma ya saɓa wa hukuma. Sumbo ya ce ubansa bai taɓa dungura goshi a ƙasa ba. Wakili ya nemi shaida. Zakari ya fara cewa a Garwa aka yi, a gidan wasu Hausawa, za a iya aikawa a tambaya. Sai idonsa ya faɗa kan Kaltumi a gindin rumbu. Fuskarsa ta washe kamar wanda ya tsinci dami a kala.

Ya zo ya durƙusa gabanta. "Adda, Allah ne ya kawo ki. A gidanku ya yi jinya. Ki faɗa musu abin da kika ji."

Da ƙasa za ta tsage da Kaltumi ta shige. Ba ta taɓa tsayawa gaban hukuma ba, balle a tsakiyar maza. Aka matsar da ita gaban wakili, ta ja mayafi ta durƙusa. Ya tambayi sunanta da na mijinta, ya gyaɗa kai, alamar ya san gidan. Sannan ya ce, baiwar Allah, ta ji tsoron Allah ta faɗi gaskiya, ta taɓa jin tsohon nan ya yi shahada?

Ta ji kuwa. Ba sau ɗaya ba. Malam Hassan kan zauna da shi da hantsi a zaure ya ce, Baba, ce kaza, tsoho ya maimaita tiryan-tiryan yana murmushi, yara na tafi. Ita kanta tana jin daɗi daga cikin gida. Yanzu ga shi cikin tsummoki, ƙuda na binsa, mashaya na yi masa tsawa. Kalma ɗaya daga bakinta za ta sa a wanke shi da ruwa mai tsabta, a sa shi a farin yadin da ke cikin ƙullinta, a fuskantar da shi gabas. Wa ya sani, ko Allah ya karɓa daga gare shi?

Ta ce, "Na ji. Da kunnena na ji ya faɗa."

Mai fassara ya juya. Wata irin ƙara ta tashi daga fili kamar ta ƙudan zuma. Zakari ya ɗaga hannu sama. Jandarma ya sauke bindiga daga kafaɗa. Kaltumi ta waiga, ta ga Albertine ta dafe kai, ta ga Sumbo ya matsa ya tsaya tsakanin gawa da baƙi, samari na taruwa a bayansa. Wakili har ya fara tattara riga zai miƙe.

Tana iya yin shiru a nan, ba wanda zai ce ta yi ƙarya. Amma ita ta san abin da ta gani ya fi abin da ta faɗa, kuma ta san za a tambaye ta sauran a inda ba wakili ba jandarma. Ta ce ba ta gama ba.

Ta ce yadda ta ji ya yi shahada, haka ta ji shi ranar Lahadi yana bin 'yarsa waƙar coci, yana taɓa goshi da ƙirji yadda ta koya masa, da murmushin nan dai. Kuma kowace safiya, kafin ya sha kunun da take aika masa, sai ya fita bakin zaure ya zuba kaɗan a ƙasa, ya juya wajen duwatsun nan ya yi magana ƙasa-ƙasa da harshensu. Wannan ba wanda ya ce masa ya yi, kuma ba ta taɓa ganin ya yi murmushi a lokacin ba. Abin da ke zuciyarsa Allah ya sani. Ita abin da ta gani ke nan.

Wakili ya dubi limami, ya dubi bakunan da ke hannun samari, ya dubi jandarmansa guda ɗaya. Ya ce shaida ta rabu, hukuma ba ta hukunci a kan shakka, 'ya'ya su daidaita tsakaninsu. Yadda ya yi saurin miƙewa, Kaltumi ta gane mafita yake nema tun da ya shigo. Limami ya ɗaga hannu ya yi wata gajeriyar addu'a da ba a ji ba, suka juya suka kama gangara.

Zakari ya tsaya a kan Kaltumi. Ya ce ita Musulma 'yar Musulmi, ta zaɓi ciniki a kan lahira, ta sayar da ubansa don buhun gyaɗa. Ya ce ita ba ta san abin da ake ce masa a ofis ba, ba ta san yadda ake matsawa in ya shiga sahu ba, ana cewa ɗan arne warin giya bai bar shi ba. Ya so ko sau ɗaya a ce ubansa da salla aka rufe shi. Ba a taɓa yi wa Kaltumi magana irin wannan ba, kuma abin da ya fi girgiza ta shi ne ba ta da tabbacin cewa bai da gaskiya.

Zakari bai bi hukuma ba. Ya je can bakin shinge ya zauna a kan dutse ya juya wa fili baya.

Ganga ta dawo. Aka ci gaba da naɗi, zane bisa zane, fata bisa zane, ana ɗaurewa da igiya, maza na taka ƙunshin da ƙafa suna ja, har ya yi girman ƙaramin rumbu. Kowa na kawo abin da zai sa. Albertine ta kwance zanen da take zuwa coci da shi ta miƙa. Sumbo ya zo gaban Kaltumi ya tsuguna, ya nuna ƙullinta. Albertine ta ce yana tambaya ne ko farin yadin na tsoho ne. Kaltumi ta ce likkafani ne ta yi niyya, ko da za a buƙata. Ya karɓa da hannu biyu. Tana kallo aka shimfiɗa shi a kan ɗanyar fata, jini ya huda farin ya fito. Ta kau da kai.

Abokan kaciyar nan ba su ƙyale Zakari ba. Mai ɗingishi ya je bayansa, ya ɗora ɓawon kabewa a ka a matsayin hula, yana tafiyar masinja, yana sara wa iska. Kaltumi ta ɗauka za a yi jini. Can sai Zakari ya tashi, ya ratsa mutane, ya cire hularsa, sabuwa fil mai aikin hannu, ya cusa ta ƙarƙashin igiya a wajen kan gawar. Ya faɗi a kan ƙunshin yana kuka da harshensu, kuka irin na matan can, da farar rigarsa a cikin jini. Sumbo ya bar shi har ya gaji, sannan ya ɗaga shi.

Da la'asar aka ɗauki tsoho aka hau da shi cikin duwatsu. Kaltumi ba ta bi ba. Ta nemi ruwa ta yi alwala a bayan rumbu, ta yi salla, ta rasa ma addu'ar da za ta yi.

Da suka dawo, Sumbo ya zo yi mata godiya, Albertine na fassarawa. Kaltumi ta kasa daurewa. Ta ce ita abu ɗaya ya ɗaure mata kai. A hanya an gaya mata ruwa ne ke raba halin mutane, an gaya mata tarihi ne. To ga su uku, uwa ɗaya uba ɗaya, rijiya ɗaya suka sha, amma kamar an ɗebo su daga ƙasashe uku. Me ya raba su?

Sumbo ya ce tsoho ne ya raba su, da hannunsa, kuma da gangan. Ya ce ubansu ya ga zamanin dawakai, ya ga zamanin Turawa, ya ga kowane mai ƙarfi in ya zo da nasa Allah yake zuwa, kuma bai san wanda zai daɗe ba. Sai ya yi irin ta manomin dutse, wanda ba ya zuba irinsa duka a gona ɗaya. Ya kai Albertine wurin 'yan mishan tana ƙarama. Ya kai ƙaramin gidan wani Bafulatani a Poli ya yi masa kiwon doki. Shi Sumbo ya riƙe shi wurin shanu da kakanni. Ya ce duk wanda ruwa ya yi wa daidai, ya ciyar da sauran.

Albertine ta tsaya a tsakiyar fassara. Ta juya ta yi wa Sumbo wata tambaya da harshensu, da kaifi, ya amsa a taƙaice. Sannan ta ce wa Kaltumi ita duk rayuwarta ta ɗauka don tana yawan ciwo aka kai ta mishan. Yau ta fara jin wannan. Sumbo ya ƙara da cewa abin da tsoho bai lissafa ba shi ne gonakin za su girma su ƙi gaisawa.

Bayan ya tashi, su biyu suka zauna, rana na sauka bayan dutse. Kaltumi ta ce, gaskiya ba za ta ɓoye mata ba, abin da ta gani yau har ta mutu ba zai bar idonta ba, ba ta san mutane na iya yi wa nasu haka ba.

Albertine ta dube ta. "Adda, ni ma akwai abin da bai bar idona ba. Ranar da Alhaji ya rasu ina gidanki."

Ta ce da hantsi ya cika, tana tsakar gida tana auna gyaɗa. Kafin azahar an fita da shi. Wani ƙaninsa da ke Marwa bai gan shi ba, 'yarsa ta fari ba a jira ta ba, ita Kaltumi ko ƙofar gida ba ta raka shi ba. Da wata ta ɗaga murya da kuka sai aka yi mata tsawa. Mutum mai gida da 'ya'ya da shaguna, aka naɗe shi a yadi ɗaya kamar wanda ba shi da ko akuya, aka yi sauri da shi kamar ana gudun kada ya farka. Ta ce ranar ta fita bayan gida ta yi amai. Ta koma Poli tana cewa a ranta ko dai mutanen nan ba sa son mutumin, ko kuwa ba su da zuciya. Ta yi wata da watanni tana kallon Kaltumi tana neman alamar ƙiyayya, ba ta samu ba, sai ta ga mace na ramewa a tsaye.

Ranar nan ita ce ranar da Kaltumi take alfahari da ita a ranta, yadda aka yi wa Alhaji sutura cikin mutunci, jama'a har bakin titi, yadda ta danne kukanta don kada ta cutar da shi. Ba ta taɓa kawowa a ranta cewa akwai idon da ya ga wulaƙanci a wurin ba, kuma idon na wadda ta riƙe ta a ɗaki ne. Ta fara bayani, cewa gaggawa girmamawa ce, mamaci wurin Ubangijinsa yake so, yadi ɗaya kuma don kowa daidai yake a can. Albertine ta saurara har ƙarshe, ta ce ta ji, kuma ta yarda haka suke nufi. Amma har yau in ta tuna sai tsigar jikinta ta tashi.

Kaltumi ta koma Garwa washegari. Labari ya riga ta isa. Malam Hassan ya ce da ta tsaya a kalmar farko da ta samu lada, sauran ai ba a tambaye ta ba. Wani malami a unguwar kuma ya ce abin da ta yi shi ne daidai, ɓoye rabin shaida zunubi ne. Mata suka yi ta zuwa jin yadda mutanen dutse suke, ta ba su kaɗan ta riƙe da yawa, don duk lokacin da ta fara sai ta ji labarin ya fito ba yadda ya faru ba. Zakari bai sake gaishe ta ba. An ce ya nemi canjin wurin aiki, aka mai da shi can wajen Bogo, ya yi aure a can.

Da gyaɗa ta bushe Albertine ta zo da buhunanta, gashi ya fara tsirowa a kanta. Suna cin tuwo ta ce saura hidima ɗaya. In lokaci ya yi za a buɗe kabarin, a ɗauko kan tsoho a kai shi ɗakin da kawunan kakanni suke, kuma Sumbo ya ce lalle a gayyaci Adda, don ta zama 'yar gida.

Lomar da ke hannun Kaltumi ta koma cikin akushi. Ta ce a gaishe da Sumbo, a ce ta gode, amma wannan kam ba za ta iya ba.

Albertine ta ce ta sani, ta ma riga ta gaya masa. Ita kanta daga nesa za ta tsaya. Ta tura wa Kaltumi akushi, ta ce ta ci kafin ya huce, gobe da sassafe akwai awo.